Sifikar da ta fito da muryar Malam

Alhamis, bayan isha'i, Gumel.

Alhamdulillahi, yau na dace. Na je kasuwar Maigatari neman sifikar da zan riƙa jin saƙon muryar da mijina Malam ya turo min a waya kafin rasuwarsa. Mai shago ya kunna wata ƙatuwa, kiɗa har cikin ƙirjina.

"Hajiya, irin wannan ko a Kano sai an tona!"

Na ce ya sa muryar Malam. Ta fito da kauri, kamar ta baƙo. Muka gwada ta biyu, ta uku. A ta huɗu na ji ɗan gyaran muryar da yake yi kafin ya kira ni. Na ce, "Alhaji, ɗaure min wannan."

Da na dawo gida, sau shida na saurara, sai a na ƙarshe na yi kuka. Allah ya jiƙanka, Malam.