Ku Sauko da Keken Babanku

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ni ce Ummuhani 'yar Shehu, ta unguwar Dogo Nini a Potiskum, matar marigayi Idi Mai Keke. Jikina ya yi rauni tun faɗuwar damina, amma hankalina garau yake, na san abin da nake faɗa, kuma ba wanda ya sa ni. Rubutuna na ajin yaƙi da jahilci ne, inda ya karkace ku yi haƙuri. Na ba baffanku Ayuba takardar nan ya tara ku ya karanta muku bayan sallar Juma'a, ko ina da rai ko babu.

Zuwa gare ku 'ya'yana uku, Muhammadu Lawan, da Basiru, da Hansatu da ke aure a Gadaka. Lawan, tun da na haife ka bakina bai taɓa kama sunanka ba saboda kunyar ɗan fari. Yau na rubuta shi don ka san da kai nake.

Na ɗaya. In Allah ya karɓi abinsa, ku gaggauta kai ni makwancina. Tasoshina da awaki da zannuwa, limamin unguwa ya raba muku yadda Allah ya ce. Babban turmin da ke gindin zogale na maƙwabciyata Falmata ne, aro na yi ya daɗe har ya zama kamar namu. Ku mayar mata, ku roƙar mini gafara.

Na biyu. Keken babanku. Ranar rabon gadonsa na ce a ba ni shi a matsayin tumunina. Mata suka yi ta dariya, Falmata ta tambaye ni ko kasuwar shanu zan riƙa zuwa a kansa da lulluɓi. Na karɓe shi ne don na ji ana maganar a sayar wa maƙera. Na san ba a yi wa magaji wasiyya, don haka roƙo nake yi: kada ku sayar, kada ku yi masa kuɗi ku raba. Ya zauna na ku ukun.

Ku kun tashi kun ga keke a gida, ba ku san yadda aka soma ba. Lokacin da ya saye shi, manyan motocin gyaɗa sun fara yawa a hanyar Kano zuwa Maiduguri, shi kuwa ba ya son rurinsu. Sai ya nemi tasa hanyar ta kudu, ta cikin gonaki, wadda masu jaki da mata masu tallan nono suke bi. Yana kai gishiri da allura da kananzir ƙauyuka, ya dawo da man shanu da daddawa da labarin kowa. Sau ɗaya ya goya ni, ina amarya, da kaka. Gero ya fi mu tsawo dama da hagu, ba ka jin komai sai kukan kurciya da ƙarar kaca. Na riƙe rigarsa ina salati, shi yana dariya yana cewa Ummu, in kin yaga ta ke za ki ɗinke. Muka faɗi a yashi kusa da wata kuka, ba wanda ya ji ciwo, ba wanda ya gan mu sai wata saniya. Ban taɓa jin duniya ta yi mini faɗi kamar ranar ba.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni barci. Lawan, ka janye maganar da ka faɗa wa ƙanenka a bakin kabari, cewa shi ya kashe Baba. Gaskiya ne motar da Basiru yake wa aiki ce ta lalace a babbar hanya, gaskiya ne ya aiko a kai masa abinci, kuma a hanyar ce wata motar ta buge babanku. Amma ni nake tsakar gida da safen. Saƙon bai ce Baba ya zo ba, cewa ya yi a ba wani direba. Babanku ne ya ƙwace ƙwaryar daga hannuna ya ɗaure a kariyar bayan keken, yana murna, yana cewa yau yaron nan ya tuna yana da uba. Da farin ciki ya fita gidan nan. Ajalinsa ne ya kira shi. Kai kuma Basiru, ka daina kwana a tashar mota kamar marar gida, ka daina sunkuyar da kai in ka hango yayanka. Tun rasuwar nan ban ga kun sa hannu a akushi ɗaya ba, kuma ni nake dafa tuwon, na san abin da ke dawowa.

Na huɗu. Lawan, kai ne ka rataye keken a zaure ka rantse ba mai sake hawansa. Ka yi kaffarar rantsuwarka, ka sauko da shi da hannunka. Basiru ya miƙe wilin gaba da ya lanƙwashe, ya sa wa kaca mai, shi ya san ƙarfe. Famfo da sholisho da robar faci suna cikin tukunyar da ke ƙarƙashin gadona. Ku sabunta lambar keke ta En'e kada 'yan doka su tare ku.

Na biyar. Ku je Gadaka ku biyu, ta hanyar babanku, kuma wannan kada ku jira mutuwata. Na san za ku ce keke ɗaya ba ya ɗaukar ƙarti biyu a yashi. Haka ne. Ku yi karɓa-karɓa, yadda babanku da baffanku Ayuba suke yi suna samari. Ɗaya ya hau ya yi gaba, ɗaya ya biyo a ƙasa. Na gaba in ya yi ɗan nisa sai ya jingine keken a inuwa, ya ci gaba da ƙafa. Na baya in ya iso ya hau, ya wuce ɗan'uwansa, shi ma ya ajiye masa a gaba. A babbar hanya ba a yin haka, kafin ka waiwaya an ɗauke. A waccan hanyar kuwa kowa ya san keken Idi, ko kwana ya yi a gindin tsamiya ba mai taɓawa.

Abin yana da ladabinsa, babanku ya sha faɗa mini. Ba ka auna nisa da daɗin da kake ji a kan sirdi, da ƙafar na bayanka kake aunawa. Ba ka shanye ruwan gora, ka bar masa rabi a rataye. In hanya ta rabu biyu, ka juya kan keken ya dubi wadda za a bi. Lawan, kai ka san hanyar, da kai yake zuwa kana yaro, to kai za ka riƙa nuna wa ƙanenka. Sannan duk wanda ya zo wuce ɗan'uwansa, dole ya rage gudu ya yi masa sannu. Ban ce ku yi hira ba. Sannun kawai nake roƙo, kuma kafin ku kai Gadaka za ku yi ta har ku gaji.

In kun iso rugar Bubayaro ku tsaya. Tsoho ne, idonsa ya tafi, ya aiko sau da yawa yana tambayar me ya sa hanya ta yi shiru. Ku zauna ku sha nononsa, ya ba ku labarin babanku wanda ni ma ban sani ba.

Na shida. Hansatu tana da ciki, haihuwa bayan girbi. Babanku ne kaɗai yake leƙa ta, tun da ya rasu ba wanda ya taka ƙofarta daga gidan nan, har dangin mijinta sun fara tambayarta ko ba ta da kowa. Ku kai mata zanen goyon da na goya ku duka da shi, da yajin jego da na daka, da takardar nan ta ji nata saƙon. In kun hango garin ku sauka, ku shiga tare kuna tura keken, mutane su ga 'yar Idi tana da maza biyu a bayanta. Hansatu, ke kuma kada ki yi kuka a kan rashin zuwana. In mace kika haifa kada ki ce dole sai sunana, ki bar wa mijinki zaɓi.

Na yafe muku nonon da kuka sha da duk ɓacin ran da kuka sa ni, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku, ya tsare ku a hanya babba da ƙarama. Ku riƙe juna, kada ƙofar ɗayanku ta rufu ga ɗaya.

In kun dawo kun same ni, ku shigo ɗakina tare da ƙurar hanya a ƙafafunku, ku ba ni labari, ɗaya yana faɗa ɗaya yana gyara masa. In kun tarar na riga na tafi, ku zauna a zaure ku ci tuwo a akushi ɗaya. Wannan ya ishe ni.

Mahaifiyarku,
Ummuhani