Hular Buhun Albasa

Aliero, 4 ga Fabrairu

Zuwa ga ɗiyata Barista Shafa'atu,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Kin san ni. Da kwando guda na fara albasa, ba gadon uba, ba tallafin kowa. Yau rumbuna tara gare ni da injin ban ruwa biyu a fadama. Ni na fara tsayawa kasuwar Jega na ce buhu buhu ne, dillalai su bar ɗinka mashi hula a kai, wato ƙarin ɓarin buhu cike da albasa, suna kwashe muna ita a banza. Na sa wuƙa na farke hular. Sambo, sarkin dillalai, ya kwaɗa mani mari gaban 'yan kabu-kabu, ya ce, "Manomi har da baki?" Shekara ukku ke nan, kuncina bai huce ba.

Na ji ƙungiyarku ta kare manoma ta shigar da ƙara. Madalla. Ina son in ga Sambo gaban alƙali shina zufa.

Ki gaida maigidanki.
Baffanki, Alhaji Malami

Birnin Kebbi, 12 ga Fabrairu

Baffa,

Ina gaisuwa da ladabi. Ba Sambo munka kai ƙara ba. Masu kula da kasuwanni munka kai, don kotu ta tilasta masu sa awo guda daga Jega har Maiyama.

Sambo ya bar dillanci, albasa yake nomawa a Andarai, kuma bana shi ma an yi wa buhunansa hula. Da ƙafarsa ya zo zai ba da shaida. In babu shi ƙarar ba ta tsayawa, in babu kai ma haka. Amma in kunka yi cacar baki a kotu, mun faɗi. Za ka iya zama benci guda da shi?

Allah ya ƙara girma.
Ɗiyarka, Shafa'atu

Aliero, 15 ga Fabrairu

Shafa'atu,

Ashe shi ma an ɗinka mashi! Na yi dariya har Hajiya ta leƙo. Allah shi ƙara.

Ina zuwa. Zan zauna, amma ba ni gaishe shi. A miƙa mashi buhu da allura ya ɗinka hular gaban alƙali ina kallo.

Sharaɗina guda. A takardar ƙara ki sa sunana farko, bisa nashi, cikakke: Alhaji Malami Abdussalam Aliero. Ko jikokinshi sunka buɗe ta, ni za su fara karantawa.

Wassalam.