Furen Tsauni Ya Buɗe a Gidanmu

Zuwa ga Nuhad, sanyin idona, maɓuɓɓugar da na sha shekara arba'in ban ƙoshi ba, inuwata a rani, garwashina a hunturu,

Ya buɗe! Furen nan naki ya buɗe jiya da hantsi, a gindin katangarmu ta dutse. Guda bakwai ne, farare tas, kowanne da siririn layi shuɗi kamar jijiyar wuyan hannunki. Tsayinsa bai wuce yatsana ba, amma na durƙusa gabansa har gwiwoyina suka sage.

Kin tuna ranar da muka fara ganinsa a saman tsaunin Tannurin, dusar ƙanƙara na narkewa, kina da cikin 'yarmu Rima? Na kai hannu zan tsinko miki, kika buge hannun kika ce, "Bar shi, Tanyus! Kai da ko tuffa ba ka tsinka sai ka karya reshe!" Tun daga nan, kowace shekara sai mun hau. Da ciwon ƙugu ya hana ki, ba ki yi kuka a gabana ba, amma na ga irin kallon da kike yi wa tsaunin ta taga.

Shi ya sa na hau a ɓoye na ɗebo irinsa. Shukar farko na cika mata taki da ruwa, ta ruɓe. Ashe tsakuwa yake so, da sanyi, da a ƙyale shi. Shekara huɗu ina jira, maƙwabcinmu Abu Shakib na leƙowa yana cewa tsufa ya sa ni noman duwatsu.

Rima ta ce tunda an yi miki aiki, gara ki zauna wurinta a Beirut, kusa da likita. Tana da gaskiyarta. Amma wa zan zuba wa kofin gahawa na biyu? Wa zai ce mini na cika surutu? Gidan nan ya yi mini faɗi, ya hasken safiyata! Na rushe matakalar ƙofa na shimfiɗa gangara, na kafa ƙarfen dafawa daga ɗaki har lambu. Taku goma sha biyu ne kawai, na auna.

Mako biyu furen yake yi ya bushe. Ki zo, rabin raina, ki gan shi da idonki. In kuma likita ya hana, zan kulle gidan in sauko, in koyi barci cikin hayaniyar motoci. Ai ba tsaunin na aura ba.

Naki har ranar da ƙasa za ta rufe idona,
Tanyus