Dariyar da Na Jawo wa Abena

Assalamu alaikum Yaya Hadiza,

Ina gaishe ki da fatan kina lafiya. Ya ƙarfin jikin Inna, ya yara? Mu nan unguwar Hor Al Anz lafiya lau.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Umma. Ranar Talata malamar tarihi ta nuna mana hoton fadar wani sarkin Ingila. Paparoma ya hana shi sakin matarsa, shi kuma ya ɓalle, ya naɗa kansa shugaban cocin ƙasarsa. Kin san ba na magana a aji, amma sai na ji na ce, "Ashe a kan sakin aure aka kafa cocin!" Aka kwashe da dariya, har na ji daɗi.

Na manta cocin su Abena ne, 'yar Gana da muke benci ɗaya, wadda ko ruwa ba ta sha a gabana da azumi. Sai a motar makaranta ta ce, "Zainab, yau dai kin yi magana." Har yanzu na kasa haɗa ido da ita.

A gaban aji na yi, don haka ranar Litinin a gaban aji zan ba ta haƙuri. Ki sa ni a addu'a, ki gaida Baffa.

Ƙanwarki,
Zainab