An ce na ci hutu a bakin teku, matata ta ɓoye fasfonta

Malama, don Allah ki shiga tsakanina da maiɗakina, domin ba ta barin filin nan naki ya wuce ta, kuma na lura maganarki ta fi tawa nauyi a wurinta.

Ni ɗan kasuwa ne, kayan gyaran mota nake sayarwa: birki, fulogi, bel ɗin inji, fitilu da makamantansu. Shagon ƙarami ne, idan mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a bakin ƙofa, amma alhamdu lillahi da shi na rufa wa kaina asiri. Na faɗi haka ne don ki san ba yau na fara ciniki a waya ba. Akwai dilan da na yi shekara da shekaru ina tura masa kuɗi yana turo min kaya, ban taɓa ganin fuskarsa ba, kuma ko noti ɗaya bai taɓa ɓacewa ba. Muryar mai gaskiya na san ta, ta mayaudari ma na san ta.

Kwanakin baya da hantsi, ina cikin jera kwalaye, wata yarinya mai ladabi ta kira ni. Ta faɗi cikakken sunana, ta san sana'ata. Ta ce kamfaninsu na yawon buɗe ido ne, suna tallar sabon tsari, kuma an zaɓi lambata: hutun mako guda a wani otal a bakin teku, ni da matata, har da jirgi da abinci. Abin da zan biya kawai haraji ne da kuɗin riƙe gurbi.

Abin ya zo min a kan gaɓa. Bara aka yi wa matar nan aiki, likita ya ce ta huta sosai. Hutun da ta yi shi ne, ɗinkin jikinta bai gama warkewa ba ta koma kan keken ɗinkinta. Tun da muka yi aure ban taɓa kai ta ko'ina ba in ban da biki da gaisuwar rasuwa. A gadon asibiti na yi mata alkawari cewa idan ta tashi zan kai ta inda ba za ta ɗora tukunya ba, ba kuma wanda zai buga mata ƙofa yana tambayar rigarsa.

Kada ki ɗauka na rufe ido na yarda. Mu a kasuwa idan baƙon dila ya ɓullo, ba takarda muke tambaya ba, cewa muke: wa ya san ka? Haka na yi wa yarinyar. Nan take ta ba ni lambar wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda ya je da matarsa. Mun daɗe muna hira da shi. Ya ce in tafi da riga mai kauri saboda iskar teku, har ya yi min ƙorafi cewa ba sa kawo karin kumallo da wuri. To, Malama, ɗan damfara zai kushe kayansa da bakinsa? Na kuma sa babbar 'yarmu ta duba otal ɗin a intanet, ga shi nan, hotunansa daidai da waɗanda aka turo min.

Sai na biya kuɗin riƙe gurbin, ba wani mai yawa ba ne, na tura hoton fasfona. Yanzu saura harajin, wanda ya fi kauri, da hoton fasfon matata. Sun ce kafin ƙarshen mako, in ba haka ba su ba wani. Asusun da suka ba ni da sunan mutum ne, amma sun yi min bayani cewa na akawunsu ne, na kamfani ana kan bincikensa.

Matar nan sai ta ɗauke fasfonta ta ɓoye. Na birkice durowa da ƙarƙashin katifa, har akwatin zarenta na zazzage, ban gani ba. A gaban yara ta tambaye ni yaushe na shiga gasa da har na ci, suka kwashe da dariya. Yanzu idan na dawo daga kasuwa sai su ce ga ɗan yawon buɗe ido nan. Maƙwabcina Mai Batir ya ce in ƙyale ta, in karɓi kujera ɗaya in tafi abina. Ni kuwa ba don kaina nake yi ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ta mayar da ni kamar wanda bai san kuɗi ba. Ki gaya mata ta fito da fasfon nan, lokaci yana ƙurewa.

Mai kayan mota

Malam mai kayan mota,

Kada ka ƙara tura ko sisi. Fasfon Hajiya maiɗakinka kuma ya ci gaba da zama inda yake.

Zan fara da inda kake da gaskiya. Ba kowace tallar hutu ta waya ce damfara ba. Akwai kamfanoni masu rajista da ofis da ke sayar da hutu mai rahusa ta wannan hanya. Sai dai ko su ba kyauta suke yi ba. Yawanci za ka tarar jirgi ba ya ciki, ko ranakun da ake ba ka ba su da zaɓi, ko kuma sharaɗin shi ne ku zauna da matarka a wani ɗaki a yi ta matsa muku ku sayi wani tsari mai tsada. Irin waɗannan ba ɓarayi ba ne, 'yan kasuwa ne masu wayo, kuma idan ka nemi sharuɗɗansu a rubuce za su ba ka.

Naka bai yi kama da su ba. Ban san kamfanin ba, amma abin da ka rubuto ya isa. Kyautar da sai an biya kafin a karɓa, wa'adin da ba ya barin mutum ya yi shawara, ƙaramin kuɗi da farko sannan babba ya biyo baya, da asusu mai sunan mutum ɗaya: ko ɗaya daga ciki ya kamata ya tsayar da kai, kai kuwa duka ka haɗa. Kamfanin da ba a iya biya a asusunsa ba shi da hurumin karɓar kuɗin kowa. Sanin sunanka da sana'arka ma ba abin mamaki ba ne. Ina kyautata zaton suna nan a allon shagonka tare da lambar wayarka, duk mai wucewa yana karantawa.

Binciken da ka yi kuwa, dabarar mai kyau ce, wurin amfani da ita ne ba nan ba. Tambayar wa ya san ka tana aiki a kasuwarku ne saboda wanda zai tsaya wa dila mutum ne da kai ma ka sani. Yana da shago, yana da suna, idan kaya suka ɓace ka san ƙofar da za ka je ka tsaya. Dilan da ba ka taɓa gani ba, ai wani da ka yarda da shi ne ya haɗa ku. Dattijon nan fa, wa ya haɗa ku? Mai neman kuɗinka. Ƙorafin karin kumallo ba shaida ba ne, masu wannan aiki sun san yabo zalla yana sa zargi, don haka suke ɗan yayyafa kushe. Otal ɗin kuma yana iya kasancewa na gaske bai ma san da zamansu ba, domin hoton otal kowa na iya ɗaukowa.

Idan kana son ka tabbatar da kanka, hanyar gajera ce. 'Yarku ta samo lambar otal ɗin daga shafinsa, ba wadda aka turo maka ba, ka kira ka tambaya ko suna hulɗa da wannan kamfani kuma ko akwai ɗaki da sunanka. Sannan ka ce wa yarinyar za ka zo ofishinsu da ƙafarka ka biya a ba ka rasit. Ka saurari abin da za ta ce. Idan har aka samu ofis da rajista, otal ya amsa, ka rubuto min, zan janye maganata a wannan fili.

Kafin nan akwai abin gaggawa. Ka je bankinka ka sanar da su kuɗin da ka tura da asusun da ya karɓa, ko da ba lalle a dawo da shi ba. Ka kai rahoto ga hukuma cewa hoton fasfonka yana hannun mutanen da ba ka sani ba. Duk wata lambar sirri da za ta shigo wayarka, kada ka karanta wa kowa. Idan wani ya kira ya ce zai ƙwato maka kuɗinka in ka biya shi lada, su ne dai suka sake murya.

Hajiya, tunda an ce kina karantawa, kin yi daidai da kika ɓoye fasfo, amma ba ki kyauta ba da kika yi tambayarki a gaban yara. Mutumin nan ba kwaɗayi ne ya ja shi ba, alkawarin da ya yi miki ne yake nema ya cika. Ki tsawatar wa yaran su bar sunan nan.

Kai kuma Malam, a duk wasiƙarka ban ga inda ka tambaye ta ina take son zuwa ba. Wata baƙuwa ce a waya ta zaɓa mata teku. Ka zaunar da ita ku biyu ka tambaye ta. Idan ta faɗa, ku je tare ofishin masu shirya tafiye-tafiye wanda za ku iya shiga ku zauna, ku ji farashin gaskiya, ku ɗauki abin da aljihu zai iya, ko da kwana kaɗan ne a gari na kusa. Ba za ka sake birkice durowa ba, da kanta za ta miƙo maka fasfon.

Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sa albarka a kasuwarka, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.