Kyamarar Kwanar Madakiya

Litinin, 7 ga Yuli
Sun kafa kyamarar kama masu gudu a kwanar hanyar Madakiya, daidai inda mota ta buge 'yata Edna har lahira tana dawowa daga gonar citta. Tun daga ranar nake zuba ɗanyen ganye a kan kwalta kowace safiya, yadda ake yi in an yi hatsari. Shekaru ke nan, babu direban da ya taɓa ɗaga ƙafa. Yau kowa na lallaɓawa kamar mai rakiyar gawa.

Alhamis, 10 ga Yuli
Gershon, wanda na koya wa karatu a firamare, yanzu direban bas, ya leƙo ta taga yana dariya: "Baba Hedimasta, ganye ba ya cin tara!" Gaskiya ya faɗa, ɗan banza. Direbobi suna wuce sandar kyamarar suke sake taka wuta.

Lahadi, 13 ga Yuli
Fasto ya yi godiya ga Ubangiji, wai kwanar ta daina cin mutane. Ban ce amin ba.

Talata, 22 ga Yuli
Da yamma, lokacin da mata ke dawowa daga gona, kyamarar ta yi walƙiyar ɗaukar hoto. Babu mota, babu babur, ko akuya babu. Na duba gabas, na duba yamma. Kwalta kawai, jiƙe da ruwan sama.

Laraba
Ta sake.

Asabar, 26 ga Yuli
Raliya mai nono ma ta gani. Ta sauke ƙwaryarta ta ce, "Baba, abin nan yana ganin wanda ba ma gani." Na ce mata waya ce ta sha ruwa. Ni da na yi kwalejin malamai, ba zan biye wa zancen kasuwa ba. Amma ta ce yanzu shanunsu ba sa yarda su tsallaka ta nan da yamma, sai an zagaya da su.
A wannan lokacin ne Edna ta tsallaka. Ban gaya wa Raliya ba.

Talata, 29 ga Yuli
Ma'aikaci ya zo da tsani. Ya ce kyamarar ta lalace, kullum hoton hanya ba kowa take turawa ofis, ranar Jumma'a za su cire ta. Na tambaye shi ko ya duba hotunan da kyau. Ya kalle ni, ya naɗe tsaninsa.

Alhamis, 31 ga Yuli
Na goge farar rigata ta coci, na yi aski. Zafi ne ya kore ni daga ɗaki, ba wani abu ba. Da yamma na tsaya a bakin kwalta gaban kyamarar, ta gefen gona, na bar wurin mutum ɗaya a damana.
Da ta yi walƙiya ban ƙifta ba.