Babban Yatsan da Na'ura Ta Ƙi

Zuwa ga Temwanani, hasken safiyar garin Mzuzu, ruwan farko a kan jar ƙasa, iskar tafki mai sanyaya gumin magini!

Jiya a tashar mota kin ce mini takardar tallafin karatun digirin dakta ta zo, shekara huɗu a Pretoria, ranar Juma'a za a rufe amsa, ke kuma kina shirin cewa a'a. Wai gwaggonki ta ce magini ba zai jira mace shekara huɗu ba. Haba, sanyin idona! Gwaggo ta taɓa ba sabon daɓe ruwa safe da yamma, kwana da kwanaki, ba ta taka shi ba? Ai jira sana'ata ce.

Kin tuna ranar da na zo ofishinku yin katin ɗan ƙasa? Sau tara na ɗora yatsa a gilashin na'urar ɗaukar zanen yatsa, sau tara na'ura ta ce ba ta ga kowa ba. Siminti ya cinye zanen. Kika ce in goga shi a goshi ko maiƙo zai taimaka; na goga har goshin ya yi ƙyalli, 'yan layi suna ta dariya. Sai kika kama hannuna da kanki, kika danna. Wayyo! Na'ura ba ta ji komai ba, ni kuwa na ji har tafin ƙafa.

Talata bakwai na yi ina dawowa, ina kallonki. Duk wanda na'ura ta kora, sai kin rubuta sana'arsa a wani koren littafi: mai wanki, masunci da igiyar taru ta goge wa yatsu, tsohuwa mai ɓare rogo. Littafin nan ne manyan malamai suka karanta suka kira ki. Yaya za ki mayar da shi jaka saboda ni, alhali ni ne a shafin farko?

Kin ce kina tsoro, don malamai uku za su duba aikinki: na kwamfuta, na shari'a, da na zaman jama'a. Ni a aji biyar na tsaya, amma na san siminti shi kaɗai ƙura ne. Sai da yashi, sai da ruwa, sai mai juya shebur. Ke ce mai sheburin, tauraruwata!

Zan yi kewarki? Tun yanzu tuwon rogo ya daina daɗi, ga ki kuwa ba ki ko ɗaure akwati ba! Amma ki amsa musu kafin Juma'a. Filina na unguwar Chibavi yana nan. Kowane wata zan ɗora masa bulo, a hankali, da igiyar awo. Ranar da kika dawo Dakta, ƙyaure kawai za ki tura.

Ga sa hannuna a ƙasa, da tawadar da na shafa wa yatsan. Kin ga baƙin tabo ne, babu zane ko ɗaya. Na'ura za ta ce babu kowa a nan. Ke kin san akwai, kuma yana nan inda kika bar shi.

Naki har bangon ƙarshe,
Vitumbiko